Agogon da ke cewa yana auna suga

Ranar Talata, in ka ratsa layin masu waya a kasuwar Mafara, za ka ga agogunan zamani jere cikin kwali, fuskarsu kamar ta waya. Mai kaya zai tare ka da cewa, "Alhaji, wannan har hawan jini da suga yake aunawa."

Yawancin mutanenmu dai kallo suke yi su wuce, kuma da gaskiyarsu. Manomin da ya wuni ban ruwan shinkafa a Bakolori, wanda wayarsa ma sai ya biya kuɗi a shagon caji, me zai yi da wani abin cajin kuma? Ko a ƙasashen da aka ƙera irin kayan nan ba duka suka karɓu ba: tabaran Google Glass da aka yi ta kururutawa a 2013, a 2015 aka daina sayar da shi ga jama'a.

Abin tsoron yana wajen waɗanda suka saya, musamman ɗan da ya kai wa tsohuwarsa mai ciwon suga tsaraba a Bakura ko Maradun, yana ganin gata ya yi mata. A ranar 21 ga Fabrairun 2024, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ja kunnen jama'a cewa ba ta amince da ko agogo ɗaya ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba. Lambar ƙarya kan sa mutum ya ƙara magani ko allurar insulin, suga ya faɗi warwas, ya suma.

Juya bayan agogon ka duba. Koriyar fitilar nan da ke ƙyaftawa bugun zuciya take ƙidayawa, ita ma in igiyar ta yi sako-sako ko gumi ya shiga tsakani sai ta rikice. Wasu na jabun kuwa lambobi kawai aka shirya musu. Kafin ka biya, ɗaura shi a jikin kwalbar lemo ka danna awo. In ya ba kwalba hawan jini, ajiye masa kayansa.

Suga da ɗigon jinin yatsa ake auna shi, hawan jini kuma da na'urar da ake naɗawa a damtse tana matsewa. Ana samun su a asibiti da manyan kemis. Mai shan magani kada ya rage ko ya ƙara ƙwaya ɗaya bisa abin da agogo ya nuna, sai likita ya ce.