Tambari Na Nan, Dubawa Ta Ragu: Halin Motocin Alfarma Na Hannu a Birtaniya

A Birtaniya, wanda ransa ke son Mercedes ko BMW ko Range Rover amma aljihunsa bai kai sabuwa ba yana da hanyar da aka daɗe ana yabo. Zai je wurin dilan da kamfanin ƙera motar ya amince da shi, ya sayi ta hannu wadda aka tantance. Kowa ya san kuɗinta ya ɗara na kasuwa, kuma kwanciyar hankali ake saya da wannan ƙarin. Porsche na tallata cewa makanikanta na duba abubuwa 111 a jikin mota kafin a manna mata tambari, Land Rover na cewa 165, galibinsu kuma suna haɗawa da garanti na aƙalla shekara guda. A kasuwannin motocinmu mai saye kan tafi da makanikensa ya leƙa ƙarƙashin mota. Can kuwa, ana biyan kuɗi ne don a huta da wannan wahala.

Wannan amana ce ta fara tangal-tangal a 'yan shekarun nan, kuma koke-koken masu saye sun yi kama da juna. Mutum ya karɓi mota tana sheƙi, an fesa mata turare, an ba shi shayi a ofis mai gilasai. Bayan mako biyu fitila ta kama a gaban sitiyari tana neman juyen mai. Ya duba tayoyi ya tarar kowace da sunan kamfaninta, zanen ɗaya ya kusa kai milimita 1.6 da doka ta ƙayyade. Birki saura ƙiris, makulli na biyu babu, ƙofar baya kuma idan rana ta haska sai a ga fentinta ya bambanta da na sauran jiki. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya ɓuya. Duk wanda ya duƙa da gaske zai gan su.

Tushen matsalar yana komawa ga annobar korona. A 2019 an yi wa sababbin motoci kimanin miliyan 2.3 rajista a ƙasar. A 2020 adadin ya faɗo zuwa kimanin miliyan 1.6, ya kuma tsaya a nan har 2022, saboda ƙarancin ƙananan na'urorin lantarkin da kwakwalwar mota ke aiki da su. Motar hannu mai shekara uku ai sabuwar shekaru uku da suka wuce ce, don haka giɓin ya biyo kasuwar daga baya. Farashin motocin hannu ya tashi da kusan kashi 30 cikin 100 a 2021. Dilan da a da yake tura mota gwanjo idan bai gamsu da tarihinta ba sai ya ga ba shi da abin cika fili, ga masu saye na layi. Aka riƙa ajiye motocin da a da ba za su tsallake ba. Kasuwa ta lafa daga baya, sai dai hali zanen dutse ne, abin da aka saba da shi lokacin ƙarancin bai gushe ba.

A nawa ganin, babban dalilin yana cikin lissafin gidan dilan ne. Duk taya ko birkin da aka canza kafin sayarwa daga ribar motar ake cire kuɗinsa. Manajan sashen sayarwa, wanda ake auna ƙwazonsa da ribar kowace mota da yawan kwanakin da ta yi a ajiye, shi ke sa hannu kan kuɗin gyaran. Gareji ma ya fi son aikin mai motar da ya shigo da kansa, domin shi ke biyan cikakken kuɗin awa, aikin cikin gida kuwa da rangwame ake lissafa shi. Ga ƙarancin ƙwararrun makanikai da masana'antar ta daɗe tana kuka da shi. Idan aiki ya yi yawa hannu ya yi kaɗan, takardar dubawa mai layi ɗari da ɗoriya tana iya cika da maki cikin ɗan lokaci. Mai dubawa da mai cin ribar sayarwa gida ɗaya suke, kamfanin da sunansa ke kan tambarin kuwa yana nesa.

Wasu sauye-sauyen sun ƙara matsa lamba. A Janairun 2021 hukumar FCA mai kula da harkokin kuɗi ta haramta kamashon da ke ƙaruwa idan dila ya ɗaga wa mai saye kuɗin ruwan bashin motar. Hanin daidai ne, amma ya toshe wata kafar samu. A Janairun 2023 Mercedes ta koma tsarin da ita ke yanka farashin sabuwar mota, dila ya karɓi ladan da aka ƙayyade masa. Sai motar hannu da gareji suka zama wuraren da ake matso riba. Mallaka ma ta sauya: kamfanin Lithia na Amurka ya sayi Jardine Motors a 2023 da shagunan Pendragon a 2024, Group 1 kuma ya sayi na Inchcape a 2024. Girma ba laifi ba ne, amma idan ana yanke shawara daga hedikwatar da ke duba alƙaluman wata-wata, sunan da manajan gari ya gina cikin shekaru ba ya bayyana a kan takarda.

Adalci ne a ce ba duka laifin ke kan dila ba. Motar alfarma ta yau cike take da kwamfuta da na'urori, wata matsalar ba ta fitowa sai an yi tafiya mai nisa. Intanet kuma ta sa ƙorafin mutum ɗaya na kaiwa ga dubbai. Amma wannan uzuri bai shafi taya mai sanƙo ko juyen man da aka tsallake ba.

Sakamakon shi ne aikin gano lahani ya koma kan mai saye. Garantin da ya kamata ya zama kariya ta ƙarshe ya zama madadin dubawa: a sayar tukuna, in ta lalace a gyara, sau da yawa da kuɗin garanti maimakon aljihun dila. Taya da birki kuwa garanti ba ya ɗaukar su, tunda kayan da ke cinyewa ne. Dokar kare masu saye ta 2015 ta ba mutum kwana 30 ya mayar da mota mai lahani ya karɓi kuɗinsa, cikin wata shida kuma dila ne zai tabbatar cewa lahanin ba da shi aka sayar ba. Doka ce mai ƙarfi, sai dai bin haƙƙin na cin wasiƙu da makonni, motar na gareji, biyan bashinta na wata-wata bai tsaya ba.

Motocin lantarki za su tsananta lamarin. Irin su Porsche Taycan sun yi asarar daraja mai yawa a kasuwar hannu, kuma abin da ya fi tsada a jikinsu batir ne, wanda ido ba ya gane lafiyarsa. Sau da yawa mai saye yana dogara ne da rahoton da na'urar dila ta fitar. Muddin kamfanonin ƙera motoci ba su tura masu bincike na kansu suna sake duba motocin da aka ce an tantance ba, suna kuma ƙwace tambarin daga wanda ya yi sakaci, masu saye za su riƙa raguwa a wannan kasuwa, su koma wurin ƙananan dilolin da ke barin mutum ya zo da mai duba masa mota.