Kwanakin Nuhu da Kwanakin Ƙarshe: Karanta Annabci da Littafin Farawa a Buɗe

Duk wanda ya yi shekara biyu ko uku yana kiwon ikilisiya ya san wannan tambaya. Yaƙi ya ɓarke a wata ƙasa, ko annoba ta shigo, ko ambaliya ta cinye gari, sai bayan sujada wani dattijo ya tsai da fasto a bakin ƙofa ya ce, "Fasto, anya ba ƙarshen ne ya zo ba?" Tambaya ce mai nauyi, ba ta wasa ba. Abin da ke damunmu shi ne yadda da yawa cikinmu muke amsa ta. Mukan buɗe Ru'ya ta Yohanna, mu kunna labaran duniya, mu yi ta ɗinka wannan da wancan.

Ubangijinmu bai bi wannan hanya ba. Da almajiransa suka tambaye shi a kan Dutsen Zaitun game da alamar zuwansa, ya ambaci yaƙe-yaƙe da yunwa da girgizar ƙasa, amma ya ce ƙarshen da saura tukuna, waɗannan mafarin naƙuda ne kawai (Matiyu 24:6-8). Da ya zo bayyana yadda ranar kanta za ta kasance, sai ya koma baya can ga Nuhu. A Luka 17 ya ƙara da Lutu da matarsa. Bitrus ma, a wasiƙarsa ta biyu sura 3, da halitta da ruwan tsufana ya amsa wa masu ba'a. Ashe masu rubuta Sabon Alkawari da harshen mafari suke maganar ƙarshe. Wanda bai san Farawa 1 zuwa 11 ba, zai ji kalmomin amma ma'anar za ta wuce shi.

Mu tsaya a kan Nuhu, domin nan ne aka fi yin tuntuɓe. Sau da yawa mun ji wa'azi mai cewa: a zamanin Nuhu mugunta ta yi yawa, yau ma ta yi yawa, saboda haka muna cikin kwanakin Nuhu, ƙarshe ya kusa. Gaskiya ne Farawa 6:11-13 ta ce duniya ta lalace, ta cika da zalunci. Amma a duba abin da Yesu ya zaɓa ya ambata a Matiyu 24:37-39. Bai lissafa kisa ko fasikanci ba. Ci da sha ya ambata, da aure da aurarwa. A Luka ya ƙara saye da sayarwa, shuka da gini. Babu zunubi a ko ɗaya cikin waɗannan. Harkar yau da kullum ce: kasuwa tana ci, ana kai lefe, ana gyaran gona. Laifin mutanen shi ne ba su farga ba har ruwa ya zo.

A lura kuma da inda misalin ya faɗo. Aya ta 36 ta ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar sai Uba, nan take aya ta 37 ta kawo Nuhu. Wato an kawo Nuhu ne don a bayyana rashin sanin lokacin. In muka mai da shi ma'aunin gane lokacin, mun juya wa nassin riga a baibai.

Daga nan sai maganar mutum biyu a gona da mata biyu suna niƙa, a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. Yawancinmu mun taso da fahimtar cewa wanda aka ɗauka shi ne mai bi da aka fyauce. Wannan tsarin koyarwa, na fyaucewa kafin babban tsanani, John Nelson Darby ne ya shimfiɗa shi a ƙarni na 19, kuma Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield, wanda ya fito a 1909, ya baza shi ko'ina. Sai dai a labarin Nuhu, waɗanda ruwa ya kwashe su ne aka hukunta, waɗanda suka ragu su ne suka tsira. Saboda haka waɗansu masana suna ganin ɗaukar nan ta hukunci ce. Waɗansu kuma suna cewa kalmar Helenanci da aka mora don kwashewar ruwa a aya ta 39 dabam take da ta ɗauka a aya ta 40 da 41, kuma ta biyun takan nufi karɓar mutum zuwa wurinka. Kowane ɓangare yana da hujja. Ra'ayinmu shi ne, wanda yake son koyar da tashin masu bi su taryi Ubangiji ya tafi 1 Tasalonikawa 4:13-18, inda aka faɗe shi a fili. Abin da ayoyin Matiyu suka tabbatar ba tantama shi ne rabuwa: mutum biyu masu aiki ɗaya, a wuri ɗaya, makomarsu ta bambanta.

Akwai wani abu a labarin Nuhu da ya kamata fasto ya riƙe a ranar da ambaliya ta shafi mutanensa. Bayan ruwan, Allah ya yi alkawari cewa muddin duniya tana nan, shuka da girbi, rani da damina ba za su fasa ba, kuma ba zai sake hallaka dukan masu rai da ruwa ba (Farawa 8:22, 9:11). Wanda gidansa ya rushe yana bukatar jin wannan, da kuma hannun taimako, fiye da lissafin alamu. Ba banza ba ne Yohanna ya ga bakan gizo kewaye da kursiyin a Ru'ya 4:3, kafin a buɗe hatimi ko ɗaya.

Sai Babila. Masu wa'azi sun laƙa wannan suna ga ƙasashe da ƙungiyoyi iri-iri, yawanci ga wanda ba sa ƙauna. Amma sunan yana da tarihi. A Farawa 11 mutane sun taru a ƙasar Shinar su gina birni da hasumiya domin su yi wa kansu suna. Sura ta gaba Allah ya kira Ibrahim ya ce shi ne zai ɗaukaka sunansa. Zuwa wannan Shinar ɗin ne Nebukadnezzar ya kai kayan Haikali (Daniyel 1:2), shi ne kuma ya rushe Urushalima a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Da Romawa a ƙarƙashin Titus suka rushe Haikali na biyu a shekara ta 70, sunan ya dace da su. Masu bi na ikilisiyoyi bakwai na Asiya, da suka ji an ce matar tana zaune a kan duwatsu bakwai (Ru'ya 17:9), ba su bukaci mai fassara ba, kowa ya san Roma ce. Duk da haka Yohanna bai ce Roma ba, ya ce Babila, domin abin ya girmi Roma kuma bai mutu da ita ba. A karanta jerin hajojin 'yan kasuwarta a Ru'ya 18:11-13: ya fara da zinariya, ya ƙare da bayi da rayukan mutane. Duk inda mulki da dukiya suka haɗu suka mai da ɗan Adam haja, Babila tana wurin, ko da a garinmu ne.

Haka yake da Gog da Magog, waɗanda maƙwabtanmu Musulmi ma suke da labarinsu da sunan Yajuju da Majuju. A zamanin yaƙin cacar baki an yi ta koyar da cewa Meshek ita ce Mosko, don kawai sunayen sun yi kama a kunne. Farawa 10:2 ta sa Magog da Meshek da Tubal cikin zuriyar Yafet, kuma rubuce-rubucen Assuriyawa sun san Mushki da Tabal a yankin da yake ƙasar Turkiyya a yau. Ga mutanen Ezekiyel, waɗannan su ne al'ummai na can ƙarshen arewa. Yohanna kuwa ya faɗaɗa sunan ya haɗa al'ummai na kusurwa huɗu na duniya (Ru'ya 20:8).

Wajibi ne mu yi gargaɗi a nan, domin Farawa ma ana iya karkata ta. Tun ƙarni na biyu waɗansu, har da Iraniyus, suka ce tun da an yi halitta cikin kwana shida, kuma kwana ɗaya kamar shekara dubu yake a wurin Ubangiji, duniya za ta yi shekara 6,000. Da Bishop James Ussher ya lissafa a 1650 cewa an yi halitta a shekara ta 4004 kafin Almasihu, sai lissafin ya faɗo dab da shekara ta 2000, ta zo kuma ta wuce. Bitrus ya kawo maganar shekara dubu ne don ya nuna haƙurin Allah mai jiran tuba (2 Bitrus 3:8-9), bai ba mu alli da allo ba. Masu sa rana sun sha kunya: mabiyan William Miller a Amurka sun jira 22 ga Oktoba, 1844, waɗansu har sun bar amfanin gonarsu ba girbi, Harold Camping ya sa 21 ga Mayu, 2011. Asarar takan faɗa wa talakan mai bi da ya gaskata malaminsa, daga baya ya rasa abin da zai gaskata.

Ga ɗalibin da zai shirya wa'azi a kan surori biyu na ƙarshen Ru'ya, muna ba da shawara ya fara karanta Farawa 2 da 3 da fensir a hannu. Kogin yana nan. Itacen rai da aka tsare hanyarsa da kerubobi ya dawo, ganyensa na warkar da al'ummai. Macijin nan na dā an riga an jefa shi cikin tafkin wuta, la'anar kuma an ɗauke ta. Amma ba a mai da mu gonar Adnin yadda take ba. Abin da Yohanna ya gani birni ne, kuma ba irin na Shinar da mutane suka yi ta ɗorawa don ya kai sama ba, wannan daga wurin Allah yake saukowa. Ƙofofinsa goma sha biyu a buɗe suke, sarakunan duniya suna shigo da darajar al'ummai ciki, al'umman nan da aka warwatsa a Babel, kowacce da harshenta.