Damagaram: Wa ke da alhakin gyaran unguwa, meri ko mazauna?

Duk wanda ya girma a Damagaram ya san yadda ƙarshen bazara yake. Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ka ga samarin wata fada sun ajiye butar shayi sun ɗauko felu da burweti, suna kwashe yashi da leda daga kanibon da ya toshe tun bara. Mata su fito da tsintsiya, wani mai shago ya ba da kuɗin ruwan sha. Kafin azahar an tara juji a bakin hanya. Daga nan matsalar ke farawa: idan motar meri ba ta zo ta kwashe ba, ruwan farko zai maida dattin inda aka ciro shi.

Damanar 2024 ta nuna wa kowa cewa wannan magana ta wuce ta tsabta kawai. A farkon watan Satumba na shekarar, tsohon masallacin unguwar Birni, ginin ƙasa da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama mai yawa. A faɗin ƙasa, hukumomi sun ƙidaya sama da mutum 300 da suka rasu, fiye da miliyan ɗaya kuma ambaliya ta shafe su. Jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Har komawa makaranta sai da aka ɗaga zuwa 28 ga Oktoba, domin ajujuwa da dama sun lalace, wasu kuma iyalan da gidajensu suka faɗi ne ke kwana a ciki.

A bisa doka, kwashe shara, gyaran magudanan ruwa, kula da kasuwanni da ƙananan hanyoyi duk aikin ƙaramar hukuma ne. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 aka fara miƙa irin waɗannan ayyuka ga zaɓaɓɓun kansiloli, kuma birnin Damagaram an kasa shi gundumomi biyar, kowace da nata ofishin. Zaɓe na ƙarshe an yi shi a Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hukumomin soja sun rusa majalisun a Afrilun 2024, suka naɗa kantomomi. Ga mazaunin unguwa, abin da ya sauya shi ne ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A da yana iya tare kansilan da ya zaɓa a bakin masallaci ya yi masa ƙorafi. Yanzu hanya mafi kusa ita ce mai unguwa, wanda ke da ƙafa ɗaya a fadar Sarkin Damagaram, ɗaya a meri.

Abin da bai sauya ba shi ne ƙarancin kuɗi. Meri na rayuwa ne da harajin kasuwa, na tasha, na masu sana'a da kuma abin da gwamnatin tsakiya ta turo. Mutane na ƙin biya saboda ba su ga aiki ba, meri kuma ta ce ba ta iya aiki saboda ba a biya ba. Wannan ja-in-ja ta daɗe, kuma unguwannin bayan gari, inda aka yanka filaye aka gina gidaje kafin a kai famfo ko a haƙa kanibo, su ne ke ɗaukar nauyinta.

An taɓa zuba kuɗi masu yawa a garin. Shirin Zinder Sabuwa, wanda aka yi domin bikin 18 ga Disamban 2018, ya kawo sabuwar kwalta, fitilun hanya da gine-gine, kamar yadda Maraɗi Kwalliya ta yi a 2015 da Tawa Sakola a 2017. Manyan tituna sun canza kama. Amma wanda ya bar kwalta ya shiga lungu a Garin Malam ko Kara-Kara zai tarar da ruwan wanka na bin tsakiyar hanya, da kududdufan da ke cika da damana su zama gidan sauro. Shi ya sa watannin Agusta da Satumba suke lokacin da gidajen likita ke cika da yara masu zazzaɓin cizon sauro.

Ga kuma ƙishirwa. Garin na zaune a kan dutse, rijiya ba ta ba da ruwa da sauƙi, sai an jawo shi daga nesa, daga wurare irin su Gogo Macaya, Arunguza da Ganaram. Idan zafi ya tsananta, famfo na iya kwana da kwanaki ba ɗigo, farashin bido a hannun ƴan ga-ruwa ya tashi. Unguwar da ke da kwamitin kula da famfon jama'a, mai riƙe da littafin kuɗi kuma mai gyara da wuri idan ya lalace, ta fi saura samun sauƙi a irin wannan lokaci.

Aikin gayya ba baƙo ba ne a nan. Dattawa na tuna zamanin Seyni Kunce, lokacin da ƙungiyoyin Samariya ke fita share gari, gina ajujuwa da dashen itatuwa. Samariya ta tafi da zamaninta, fada ta maye gurbinta a matsayin wurin haɗuwar matasa. Wasu fadojin ba su wuce shayi da hira ba. Wasu kuma sun zama ƙananan ƙungiyoyi masu shugaba da ma'aji, suna tara kuɗi duk mako, suna share maƙabarta, suna sintirin dare, suna taimaka wa ɗan uwansu ranar aure ko suna.

Damagaram ta kuma san ɗaya fuskar, wato gungun samarin da ake kira pale, waɗanda suka yi suna da ɗaga ƙarfe da faɗace-faɗace. Fim ɗin “Zinder” na Aisha Maki, ƴar garin, wanda ya fito a 2021, ya shiga Kara-Kara, unguwar da tun asali aka keɓe wa masu cutar kuturta, ya nuna samari masu ƙarfi a jika da ba su da makaranta ko aikin yi, wasu na rayuwa da fasa-ƙwaurin man fetur daga Najeriya. Abin lura a nan shi ne, saurayin da ake tsoro da dare, shi ne kuma ake nema da safe idan katanga ta faɗi ko za a ɗauki mara lafiya. Inda aka ba irin waɗannan samari aiki na yini da ɗan abin hannu, kamar yasar kanibo ko shimfiɗa pabe, unguwa ta samu gyara kuma ta samu barci.

Mata na da nasu hanyar. Adashi da asusun ƙungiyoyin mata, irin tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, sun koya wa unguwanni da yawa yadda ake tara jika-jika a riƙe amana. A wurare da dama su ne ke biyan mai amalanken jaki da ke bin gida-gida yana kwasar shara. Sai dai mai amalanke ba ya da inda zai kai ta idan meri ba ta ware wurin zubawa ba, don haka yakan juye a fili ko bakin tafki mafi kusa. Dokar 2014 da ta hana shigo da leda mara kauri da sayar da ita tana nan a takarda, leda kuma tana nan a kowane kanibo.

Ƴan garin da ke Kano, Agadas, Libiya, Aljeriya ko Turai su ma suna da hannu. Ta WhatsApp ake tara gudummawar gyaran masallaci, sayen fitila mai aiki da hasken rana ko taimakon wanda gidansa ya rushe. Abin da ke kashe wa mai turo kuɗi gwiwa shi ne rashin bayani. Kwamitin da ke ɗaukar hoton rasit da na aikin da aka gama yana turawa, ba ya wahalar samun taimako karo na biyu.

Daga duk wannan, rabon aikin a fili yake. Mazauna na iya yasa, share da tara kuɗin ƙananan gyare-gyare. Ba su iya sayen babbar mota, haƙa magudanar da za ta fitar da ruwa daga unguwa, ko hana a yanka fili a kan hanyar ruwa. Waɗannan na meri ne da gwamnati. Abin da ya fi sauƙi kuma bai buƙatar kasafi mai yawa shi ne a tsaida rana tare: mai unguwa ya sanar, fada ta fito, motar meri ta iso a ranar. Wannan shiri a watan Mayu ya kamata a yi shi, tun ƙasa na bushe.