Daga Tiga Zuwa Falgore: Inda Mai Fatsa Zai Sami Kifi Ya Kwana Gida

Mutumin Kano da ke sha'awar fatsa ba ya bukatar tafiya Yawuri ko Tafkin Chadi. Idan ya fita bayan sallar asuba ya kama hanyar Zariya, kafin hantsi yana bakin ruwa a ƙasar Bebeji, kuma zai iya yin magariba a gidansa. Sai dai isa bakin ruwa daban, sanin inda kifi yake kwance daban.

Kogin Kano yana tasowa ne daga gindin tsaunukan Jos, ya ratso ƙasar Doguwa da dajin Falgore da Tudun Wada. A da, kogin damina ne, da rani sai yashi da gurabe nan da can. Gwamnatin Audu Baƙo ta datse shi a Tiga tsakanin 1971 da 1974, aka sami tafki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 178. Tun daga lokacin kogin ya zama ruwa iri uku, kowanne da halinsa da kifinsa.

Na farko shi ne tafkin kansa, kimanin kilomita 70 daga birni. Ruwa ne kwantacce, gidan karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa. Tsakiyarsa ta masu kwalekwale ce. Mai fatsa daga gaɓa ya nemi bakin rafukan da ke zuba a ciki, ko inda ciyawa da kututturan itatuwa suka nutse. A nan ƙwari da ƙananan kifaye ke taruwa, manya kuma su biyo su. Haka abin yake a ɗan tafkin Bagauda, ga wanda ba ya son nisa.

Na biyu shi ne ƙasan madatsa. Ruwan da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke saki domin noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure ya sa wannan sashe ba ya ƙafewa. Nan ne wurin mai neman kifin igiyar ruwa, irin su burdo da kurungu. Ruwan da ke gudu a kan duwatsu yana haɗiyar iska, ga gansakuka da tsutsotsi manne a jikin dutse. Bakin burdo yana kallon ƙasa ne, da shi yake kankare abinci. Amma kifi ba ya son ɓata ƙarfinsa wajen kokawa da igiyar ruwa. Yakan laɓe bayan dutse, ko a kwanar da ruwa ya ƙwaƙule gaɓa, ko daidai inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai sanyin tafiya, yana jiran abin da za a koro masa. Duk inda ka ga kumfa da ganye suna juyawa wuri ɗaya, jefa ƙugiyarka nan, ka sa mata ɗan nauyi ta kai ƙasa. Abin sa wa ƙugiya kuwa, tana da gara da curin dusa sun wadatar.

Na uku shi ne saman tafki, wajen Tudun Wada da Doguwa. Daga Kwanar Ɗangora a ƙasar Kiru ake karkata a kama hanyar Jos. Idan ruwan farko ya sauka, kifi yakan hauro daga tafki ya bi rafuka ya shiga ciyawar da ruwa ya malale, ya zuba ƙwai. Bayan kaka kuma, ruwa na janyewa, sai ya tattaru a gurabe masu zurfi. Lokacin mai fatsa ke nan. Falgore kuwa keɓaɓɓen daji ne na gwamnati, ba a shigarsa farauta ko kamun kifi sai da izini, kuma an sha fama da ɓarayin shanu a cikinsa. A tsaya a wajen iyakarsa, a tafi da ɗan gari.

Ko'ina ka sauka, fara da gaisuwa. Kusan kowane mashigi yana da Sarkin Ruwa ko dattijon masunta. Su suka san gurbin da ke da laka mai riƙe ƙafa, da ranar da aka ƙara sakin ruwa, da inda wani ya riga ya shimfiɗa kalli ko mamari. Matambayi ba ya ɓata. Za kuma su gaya maka cewa kifi ya fi cin ƙugiya da sassafe da la'asar sakaliya, kuma yakan yi nauyin baki idan sanyin hunturu ya tsananta. Kada a riƙa tsayawa cikin kwantaccen ruwan magudanan noman rani, domin dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya yana nan.

Abin da ke damun mai kishin wannan ruwa shi ne yadda wasu ke kama kifin. Akwai masu jan gidan sauro su kwashe 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Akwai masu zuba maganin ƙwari a gurbi, su kashe babba da ƙarami, su kai wa jama'a guba kasuwa. Akwai masu tare bakin rafi a farkon damina su kame uwaye da cikinsu cike da ƙwai. A Ingila, inda masu fatsa ke tafiyar yini guda zuwa kogunan Trent da Severn neman wani ɗan'uwan burdo mai gashin baki, doka ta hana kama irinsa a kogi daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, domin ya hayayyafa. Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Argungu ana killace ruwan Matan Fada har sai ranar bikin su ta zo.

Sarakunan ruwa da ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa za su iya haɗa kai su tsayar da makonnin hutu a farkon damina, su hana raga mai ƙananan idanu. Mai fatsa kuma nasa a hannunsa yake: ya mayar da ƙaramin kifi da mai ƙwai cikin ruwa, ya tafi gida da abin da iyalinsa za su ci.