Ɗaukar Hoton Farfelar Iska da Rana Tsaka

A Lambar Rimi ta jihar Katsina akwai injinan samar da lantarki daga iska guda 37, waɗanda kamfanin Vergnet na Faransa ya ƙera, kowannensu da ƙarfin kilowat 275, jimilla kimanin megawat 10. Aikin ya ɗauki shekaru bai kammalu ba, kuma a tsawon wannan lokaci jaridu sun sha buga hotunan injinan. Sai dai duk wanda ya dubi irin waɗannan hotuna ba zai iya cewa farfelar tana juyawa ko a tsaye take ba. Kyamara ce ke daskarar da ita. Injin da ke ba da wuta da wanda ya mutu murus kamanninsu ɗaya a takarda, kuma wannan babban rashi ne ga hoton da ake so ya ba da labari.

Maganin abin shi ne a bar ƙyauren kyamara a buɗe na ɗan lokaci, har farfela ta ja zane a cikin hoton. Da dare ko da magariba wannan ba wuya. Da rana tsaka kuwa, haske ya yi yawa.

Masu hoto suna da wata tsohuwar ƙa'ida. Idan rana ta take, aka tsuke kafar haske zuwa f/16, aka sa ISO a 100, to abin da ya dace ƙyaure ya buɗe shi ne kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa. Manyan injinan zamani masu fuka-fuki uku kan yi zagaye 10 zuwa 20 a minti ɗaya. A ɗauki wanda ke yin 15: zagaye ɗaya na cin daƙiƙa 4, wato digiri 90 a kowace daƙiƙa. A cikin kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa, fiffiken bai kai ga matsawa ko digiri ɗaya ba. Abin mamakin shi ne, bakin fiffiken babban inji na iya tsala gudun da ya haura kilomita 250 a awa, amma daga nesa kyamara na ganinsa kamar an kafe shi.

Idan ana son motsi ya fito sosai, ana buƙatar kamar rubu'in daƙiƙa, wanda ke ba fiffike damar share digiri 22 da ɗan kai. Wannan shi ne hoton da ya fi daɗin kallo, domin ana gane fuka-fukin uku, kowanne na jan jela a bayansa. Wanda ke son cikakken da'ira kuma sai ya jira daƙiƙa ɗaya da sulusi, lokacin da kowane fiffike zai isa inda na gabansa ya tashi. Injinan Rimi fuka-fuki biyu gare su, kuma da yake ƙanana ne sun fi manyan saurin juyawa, don haka lissafinsu daban ne. Mai hoto ya tsaya da agogo ya ƙirga zagayen injin da ke gabansa kafin ya taɓa kyamara.

To ina za a kai hasken da ya yi yawa? Tsuke kafa zuwa f/22 mataki ɗaya kawai yake ragewa, wato rabin hasken, ga shi yana dusashe kaifin hoto, yana kuma fito da duk wata ƙura da ta kwanta a cikin kyamara. Abin da ke aiki shi ne baƙin gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, wanda ake kira filtar ND. Yana rage haske ba tare da ya sauya launi sosai ba. Mai mataki 6 yana rage haske ninki 64, sai kashi 1 cikin 100 ɗin nan ya koma fiye da rabin daƙiƙa. Mai mataki 10 yana ragewa ninki 1,024, ya kai mutum ga daƙiƙa 10. Da irin wannan sai a buɗe kafa zuwa f/8, inda yawancin gilasan kyamara suka fi kaifi, a samu daƙiƙa biyu da rabi.

A nan ne da yawa ke zarce gona da iri. Suna zaton tsawon lokaci shi ne kyan hoto, sai su bar ƙyaure daƙiƙa 20 ko 30, su duba su tarar da sanda tsaye babu farfela. Fiffike siriri ne, ba ya daɗewa a wuri ɗaya, hasken sararin sama da ke bayansa sai ya shafe shi. Tun farkon tarihin hoto aka san haka. A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki titin Boulevard du Temple a birnin Paris, ya bar kyamara a buɗe na mintoci. Kekunan doki da masu tafiya duk suka ɓace, titin ya fito wayam, sai mutumin da ya tsaya ana goge masa takalmi.

Abin da ke bayan farfela ma yana da nasa tasiri. Fari a kan fari ba ya fitowa, shi ya sa hazon hunturu, duk da iskar da yake zuwa da ita, yake wahalar da mai hoto. Damina ta fi, musamman idan hadari ya haɗu baƙi ƙirin a bayan injinan, rana kuma na dukansu daga bayan mai ɗauka. A ranar da sama ta washe, filtar da ke kashe ƙyalli tana ƙara wa shuɗin sama duhu, ta kuma rage haske kusan mataki biyu.

Sauran aikin na natsuwa ne. Dole a kafa kyamara a kan maɗori mai ƙafa uku, a dage shi ƙasa-ƙasa, domin iskar da ke juya farfela ita ce ke girgiza kyamara. Idan sandar injin ta fito a karkace ko biyu-biyu, hoto ya lalace. A daidaita gani kafin a ɗaura baƙin gilashin, saboda kyamara kan ruɗe a duhunsa, sannan a sa ta jira daƙiƙa 2 bayan an danna don hannu ya bar jikinta.

Mai waya ma yana da hanya. Yawancin wayoyi ba a iya tsuke musu kafar haske, amma tun 2017 iPhone ke iya haɗe hotunan Live Photo na kusan daƙiƙa uku su zama hoto ɗaya mai jan motsi. Masu kyamara da ba su da filta kan yi makamancin haka, su ɗauki hotuna da yawa a jere su haɗe su a kwamfuta. Idan tazarar da ke tsakanin hotunan ta yi faɗi, fuka-fukin kan fito daki-daki maimakon zane mai santsi.

Wuraren gwada wannan fasaha na ƙaruwa a Afirka. A Taiba N'Diaye ta Senegal akwai injina 46, a kusa da tafkin Turkana na Kenya kuma 365 ne jere a kan tsandauri mai duwatsu. A fili irin wannan hoto ɗaya na rubu'in daƙiƙa zai nuna waɗanne injina ke juyawa, waɗanne aka tsayar don gyara.