Gaisuwar Kirsimeti Daga Bakin Daga

Jama'a, duk wanda ya taɓa bin garke zuwa mashekari, ko ya yi watanni a kasuwar ƙetare, ya san daɗin a ce masa "mutanen gida na gaishe ka". To, ku ji yadda ƙauyukan Ingila suka riƙe zumunci da 'ya'yansu sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945.

Da wuya a sami ƙauyen da bai ba da samari ba. Daga Disamba 1941 har 'yan mata aka shiga kira aikin yaƙi. Kirsimeti kuwa, ranar da Kirista ke tuna haihuwar Yesu Almasihu, biki ne na haɗuwar iyali. Ga shi ɗa yana hamadar Masar, uwa tana ƙauye.

Matsalar ita ce hanya. Da Italiya ta shiga yaƙin a Yuni 1940, Bahar Rum ta zama tarko, sai jiragen ruwa su zagaya ta ƙarshen Afirka. Wasiƙa kan yi watanni ba ta isa ba, uwa ba ta san ko ɗanta yana raye ba.

A 1941 aka fara aika wasiƙu daga Alƙahira da wata dabara, ana ce mata Airgraph. Soja ya rubuta saƙonsa a takarda guda, a ɗauki hotonta a ɗan siririn fim, jirgin sama ya kai Ingila, a can a wanke a miƙa wa mai ita. Dubban wasiƙu sai su shige jaka ɗaya. Lokacin Kirsimeti har da masu zane a jiki: raƙumi, dabino, tauraro.

Ƙauye ma bai zauna ba. Matan coci suna saƙa safa, ana haɗa ƙunshi a aika, fasto yana ambaton sunayen matafiya a addu'a. A bakin daga, limaman soja suna tara mutane ibada ko a gindin mota ne.

Kun san har ƙararrawar coci an hana kaɗawa tun 1940, sai in maƙiyi ya shigo ƙasa? A Nuwamba 1942, bayan nasarar El Alamein, aka ba da izini, aka sake kaɗa ta ranar Kirsimeti.

Wata gaisuwar ta iso gida bayan mai ita ya kwanta dama. Don haka in kuna nesa, kada ku jinkirta aika taku.