Gaskiya ko Jita-jita: Shin Dajin Ƙoda Ba Ya Son Ƙarfe?

A Batsari da Safana, kamar sauran ƙasar Hausa, da an ce wa mutum ciwon daji ne, sai ka ji dangi sun ce kada a yarda a taɓa shi da wuƙa ko allura, wai daji ba ya son ƙarfe. A kan dajin ƙoda wannan jita-jita ce, kuma tana cin rai. Muddin ƙarin bai fita daga ƙoda ba, tiyata ce babban maganinsa: a cire ƙarin, ko a cire ƙodar gaba ɗaya, mutum ya ci gaba da rayuwa da ɗayar. Abin da ya sa maganar ta samu gindin zama shi ne yawanci ba a kai mara lafiya Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Shika a Zariya sai ciwon ya riga ya kai huhu ko ƙashi. Ga rashin kuɗi, ga fargabar hanya a yankin da ke bakin dajin Rugu. In ya rasu bayan aiki, sai a ɗora wa wuƙa laifin jinkiri.

Fitsarin jini kuwa, ana cewa ai tsargiya ce. Ga yaron da ke wanka a tafki, sau da yawa haka ne, kuma ƙwayar praziquantel na maganinta, ko da yake in tsargiyar ta daɗe tana iya jawo dajin mafitsara. Amma magidancin da ya haura 50, mai shan taba ko mai hawan jini, in ya ga jini a fitsari, ko sau ɗaya ne, ko ba zafi, to ya nemi hoton ciki. Haka ma uwar da ta ji wani tauri a gefen cikin ɗanta ɗan ƙasa da shekara 5 tana yi masa wanka. Akwai dajin ƙodar yara, Wilms, wanda a ƙasashe masu hali kusan 9 cikin 10 ke warkewa.

Sai maganar RNA, wadda korona ta shigo da ita bakin jama'a. DNA shi ne littafin da ke ajiye a ƙwayar halitta, RNA kuma kwafin da aka ɗauko a allo don aiki, kuma jiki na ɗiga masa alamomi kamar wasali, masu sauya yadda za a karanta shi. An gano fitacciyar cikinsu, m6A, a 1974. A 2011 aka nuna cewa sinadarin FTO na goge ta. Bincike ya nuna METTL14, ɗaya daga masu ɗiga ta, kan yi ƙaranci a dajin ƙodar da ke saurin bazuwa.

Shin allurar korona mai RNA na sauya halittar mutum har ta sa masa daji? Jita-jita ce. RNA ɗin allurar ba ya shiga inda DNA yake, kuma jiki na narkar da shi cikin kwanaki. Duk wanda kuma ya tallata maka maganin dajin ƙoda mai gyara waɗannan alamomi, kada ka ba shi ko kwabo, domin aikin yana matakin gwaji, babu hukumar da ta amince da irin wannan magani.